Yadda ake wayar da kan al'umma don hana mutane halaka kansu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum 720,000 ne ke mutuwa ta hanyar kashe kansu duk shekara, kuma kusan kashi 73 cikin 100 na wannan adadi a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki yake, inda likitocin ƙwaƙwalwa suka yi ƙaranci ƙwarai. A irin waɗannan wurare, wanda ke fara lura da cewa mutum ya shiga ƙunci yawanci matarsa ce, ko abokin sana'arsa, ko malamin ajinsa. Saboda haka aikin wayar da kai abu uku yake nema: mutanen nan su iya gane alama, su iya yin tambaya ba kwana-kwana, su kuma san ƙofar da za su kai mutum. Gangamin da ya ƙare a tattaki da riguna masu rubutu bai taɓa ko ɗaya daga cikin ukun ba.

Abubuwan da za a tanada

- Ayarin aiki na mutum 5 zuwa 8, maza da mata, da matashi aƙalla ɗaya.
- Ma'aikacin lafiya guda da ya amince zai tsaya da ku: likita, nas, ko jami'in lafiyar al'umma.
- Takarda shafi ɗaya mai ɗauke da wuraren taimako da lambobinsu, waɗanda aka gwada aka ga suna aiki.
- Ƙananan katuna masu ɗauke da lambobin taimako, da za su shiga aljihu, aƙalla 200 a zagayen farko.
- Wurin taro, da wani ɗaki ko keɓaɓɓen wuri a kusa inda za a iya magana ba mai ji.
- Littafin ƙidaya. Lamba kawai ake sa wa kowane mutum a ciki, ba a rubuta suna.
- Lokaci: mako 6 zuwa 8 kafin taron farko.

Wanda ke da intanet ya sauke jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 mai suna LIVE LIFE. Kyauta ce, kuma ginshiƙanta huɗu ne: nesanta mutane da abubuwan da ake halaka kai da su, gyara yadda kafafen labarai ke ba da labarin, koya wa matasa jure matsin rayuwa, da gano masu haɗari da wuri tare da bibiyarsu.

1. Ku fara nemo inda za ku tura mutane

Wannan ne mataki na farko, kuma shi aka fi tsallakewa. Da zarar kun buɗe baki a gaban jama'a, wani zai biyo ku bayan taro ya ce abin da kuka faɗa shi ne halin da yake ciki. Idan ba ku da amsa a hannu, kun buɗe ciwo kun bar shi ba ɗauri.

Ku je da ƙafarku asibiti mafi kusa, ku yi waɗannan tambayoyi ku rubuta amsa: wa ke duba masu ciwon damuwa, a waɗanne ranaku? Idan aka kawo mutum da tsakar dare, ta wace ƙofa ake shiga? Akwai magungunan ciwon damuwa a kantin maganin asibitin, ko sai an fita waje? Ina ake tura wanda ya fi ƙarfinsu? Idan ƙasarku na da layin waya na masu neman agaji, ku kira shi sau uku: da safe, da dare, da ranar hutu. Lambar da ba a ɗauka kada ta hau katinku. Mutumin da ya daure ya kira sau ɗaya aka ƙi ɗauka, da wuya ya sake kira.

Inda babu likitan ƙwaƙwalwa kwata-kwata, ku nemi ma'aikacin lafiya da aka horar a kan shirin mhGAP, wanda aka tsara domin ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba. In ma ba a samu ba, ku tsayar da nas ɗaya mai haƙuri da riƙon sirri, ku shirya yadda zai riƙa tuntuɓar likita ta waya.

Ku kuma binciki dokar ƙasarku. Har yau akwai ƙasashen da ke ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, kuma tsoron kamu na sa iyalai su ɓoye mutum a ɗaki maimakon su kai shi asibiti. Dole ku san abin da za ku gaya musu game da haka.

2. Ku zaɓi abokan tafiya

Ku duba mutanen da jama'a suka saba kai wa kuka: shugabannin addini, malaman makaranta, ungozoma, masu sayar da magani, shugabannin ƙungiyoyin sana'a, masu horar da 'yan ƙwallo. Riƙon amana ya fi muƙami muhimmanci a nan. Mai surutu, komai girmansa, kada ya shiga ayarin. Sirri ɗaya da ya fita zai rushe aikin shekara.

Shugabannin addini ku same su a keɓe kafin taro. Ba jayayya kan hukunci za ku je yi ba, kuma ba a buƙatar kowa ya sauya aƙidarsa. Roƙonku ɗaya ne: a riƙa tunatar da mabiya cewa tsananin damuwa ciwo ne da ake magani, cewa zuwa asibiti ba raunin imani ba ne, kuma iyalan da aka yi wa irin wannan rashi a jajanta musu kamar kowa.

3. Ku daidaita bakinku

Kafin kowa ya yi magana da sunan ayarin, ku zauna ku amince da kalmomi. A Hausa "kisan kai" na nufin mutum ya kashe wani, shi ya sa yana rikita mai sauraro kuma yana jawo ƙamshin laifi. Ku ce "ya kashe kansa" ko "ya halaka kansa". Ku bar "mahaukaci", ku bar "ya yi nasarar kashe kansa", ku bar "yunƙurinsa bai yi nasara ba", domin mutuwa ba nasara ba ce.

Abu huɗu ba sa fitowa a bakinku, ko a takardarku, ko a shafinku:

- Yadda mutum ya aikata, da abin da ya yi amfani da shi, da yawansa.
- Hoton gawa, hoton wurin, ko wasiƙar da ya bari.
- Dalili guda ɗaya, kamar "bashi ne ya kashe shi" ko "don ta faɗi jarrabawa". Kusan kullum abubuwa ne da yawa suka haɗu, kuma duk mai bashin da ke sauraro zai ji kamar an nuna masa hanya.
- Maganar da ke nuna abin ya zama ruwan dare, ko wadda ke yabon mamacin a kan abin da ya yi.

Wannan ba tsantseni ba ne kawai. A 1974 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, David Phillips, ya nuna cewa adadin masu kashe kansu na ƙaruwa bayan jaridu sun kururuta labarin wani da ya yi haka. A birnin Biyana na Ostiriya kuwa, da 'yan jarida suka karɓi ƙa'idojin ba da irin wannan labari a 1987, salon mutuwar da aka riƙa yayatawa ya ragu ƙwarai cikin 'yan watanni. Wani bincike na 2010, shi ma daga Ostiriya, ya gano ɗaya gefen: labarin wanda ya shiga ƙunci ya nemi taimako ya fita yana da alaƙa da raguwar mutuwar. Don haka labarin tsira shi ne jarinku.

4. Ku horar da mutum 15 zuwa 20 kafin ku tara jama'a

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata mafi yawan lokacinku ya tafi. Zama biyu ya isa, kowanne awa 3, kada a wuce mutum 20 don kowa ya samu ya gwada da bakinsa.

A zaman farko a koyar da alamomi. Akwai na baki: "gara ma in mutu in huta", "na zame muku kaya", "kun kusa daina ganina". Akwai na hali: janyewa daga mutane, rashin barci ko yawansa, ƙaruwar shaye-shaye, rabar da kayan da mutum ke ji da su, neman gafara da sallama ba tare da wata tafiya ba. Wadda ta fi yaudarar iyali ita ce natsuwar da ke saukowa kwatsam bayan dogon ƙunci. Sai a ce ya warware, alhali wani lokaci shawara ya yanke. Haɗari na ƙaruwa idan alamun sun zo bayan mutuwar aure, karayar arziki, tozarci a bainar jama'a, duka ko fyaɗe, ciwo mai tsanani, ko bayan haihuwa. Abin da ya fi komai nuna haɗari shi ne mutum ya taɓa yin yunƙurin a baya.

Zama na biyu na tambaya ne. Za a samu wanda zai ce tambayar za ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Bincike da dama sun duba wannan, ba su samu haka ba. Sau da yawa ma sauƙi mutum ke ji don an samu wanda ya lura. A raba mahalarta biyu-biyu, ɗaya ya zama mai damuwa, ɗaya mai tambaya, minti 10, sannan su sauya. Tambayar tana farawa da abin da aka gani:

"Yaya, kwana biyu na ga ba ka fita, abinci ma ba ka ci, jiya kuma na ji ka ce gara ka mutu. Hankalina bai kwanta ba. Kana tunanin kashe kanka ne?"

Sai kowa ya furta jimlar ƙarshen nan da bakinsa har ta daina yi masa nauyi. Mafi yawan masu koyo sukan zame su ce, "Ba dai wani abu kake shirin yi ba ko?" Wannan tambaya ce da ta riga ta ba da amsarta, kuma a'a za a ce maka.

Idan ya ce e, ga abin da ake yi bi da bi:

a. Ka yi shiru ka saurara. Kada ka yi wa'azi, kada ka ce "wasu sun fi ka matsala", kada ka ce "ka tuna da 'ya'yanka". Ya riga ya tuna da su, kuma ciwon ya gaya masa cewa sun fi samun sauƙi in ba shi. "Lallai kana cikin wani hali, na gode da ka gaya mini" ya wadatar.

b. Ka tambaya ko ya tsara yadda zai yi, ko ya tanadi abin, ko ya sa lokaci, ko ya taɓa gwadawa. E ga ɗaya daga cikin ukun farko na nufin gaggawa.

c. In gaggawa ce, ba a barinsa shi kaɗai ko na minti biyar. A kira wani babba da shi ya amince da shi, a kawar da abin da ya tanada, a tafi asibiti a ranar.

d. Kada ka yi alƙawarin ɓoyewa. Ka ce, "Ƙanwata, ba zan yayata ba, amma ranki ya fi ƙarfin sirri. Wa kike so mu gaya wa tare?" Barin ta zaɓa da kanta na rage jin an ci amanarta. A kula: idan wanda ke cutar da ita a gidan yake, ba shi ake kira ba.

e. In ba gaggawa ba ce, a rubuta takardar tsira tare, a kuma sa ranar ganin ma'aikacin lafiya cikin mako.

Takardar tsira salo ne da Barbara Stanley da Gregory Brown suka wallafa a 2012, kuma sassa shida gare ta: alamun da ke nuna mini guguwar son mutuwa na tasowa, abin da zan yi ni kaɗai in samu sassauci, mutane da wuraren da ke ɗauke mini hankali, waɗanda zan gaya wa kai tsaye, ma'aikatan lafiya da lambobinsu, da yadda za a kawar da abubuwa masu haɗari daga inda nake. Mai damuwar ne ke faɗa da kalmominsa, kai rubutawa kawai kake yi. Wanda bai iya karatu ba, a naɗa masa a murya a wayarsa. Kada a musanya wannan da rantsuwar "na yi alƙawari ba zan yi ba". Rantsuwar hankalin mai tambaya take kwantarwa, ba ta ba mai ciwon abin yi idan dare ya tsala.

5. Ku sa maganar kulle kaya a kowane taro

Guguwar son mutuwa sau da yawa gajeriya ce. A wurin mutane da yawa, tsakanin yanke shawara da aikatawa bai kai awa ɗaya ba. In abin ba ya kusa, lokacin na iya wucewa mutum na raye, kuma kusan 9 cikin 10 na waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba ta wannan hanya suke mutuwa daga baya ba. Kimanin kashi 20 cikin 100 na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari na gona ne. Ƙasar Sirilanka ta haramta mafi dafi a cikinsu, kuma an ƙiyasta cewa hakan ya ceci rai kusan 93,000 tsakanin 1995 da 2015.

Ku ba ku da ikon kafa doka, amma kuna iya koya wa gidaje: maganin feshi a akwati mai kwaɗo, a wajen ɗakin kwana, mabuɗin a hannun mutum ɗaya, a sayi daidai buƙatar lokaci, kada a tara, magungunan asibiti na mai damuwa wani ya riƙe, ya riƙa ba shi na kwana kaɗan-kaɗan, makami a fitar da shi daga gidan har sai an warke. Masu sayar da waɗannan kaya ku zauna da su daban. Ku roƙe su, in wanda ba su san shi da noma ba ya zo a birkice yana neman kwalba ɗaya, su jinkirta, su ja shi da magana, su kira lambar da ke katin. A taron jama'a kada ku ambaci sunan wani magani ko ku ce wane ya fi wane ƙarfi.

In an riga an sha, asibiti nan take, tare da kwalbar ko kwalin. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa komai da sunan karya dafi, kada kuma a tsaya don ya ce ya ji sauƙi, domin wasu gubobin sai bayan kwana suke nuna ɓarnarsu.

6. Taron jama'a

Minti 90 ya isa. Minti 10 na buɗewa, inda za a sanar da abin da za a tattauna, a ce duk wanda ya ji nauyi yana iya fita, a nuna mutum biyu, mace da namiji, da ke jira a keɓaɓɓen wurin. Minti 20 ma'aikacin lafiya ya yi bayanin ciwon damuwa da maganinsa. Minti 20 mutum biyu daga cikin waɗanda aka horar su nuna yadda ake tambaya. Minti 10 na kulle kaya. Minti 20 na tambayoyi, sannan minti 10 a karanta lambobin taimako da ƙarfi sau biyu, a raba kati. Kowa ake ba, hannu da hannu. In aka ajiye a tebur aka ce mai buƙata ya ɗauka, mai buƙatar ne zai ƙi ɗauka don kunya.

Tambayoyi a karɓe su a rubuce cikin kwali, ba suna, wani ya tace kafin a karanta. Ba da makirfo ga duk wanda ya ɗaga hannu na jawo a tashi a fayyace yadda wane ya mutu a gaban danginsa. In hakan ta faru, mai gabatarwa ya katse cikin ladabi: "Baba, Allah ya ba da haƙuri, mu ƙarasa wannan a keɓe bayan taro."

Idan wanda ya taɓa shiga halin zai yi magana, ya kasance ya daɗe da samun sauƙi, shi ya nema da kansa, an ji abin da zai faɗa tun kafin ranar, kuma mafi yawan maganarsa a kan yadda ya fita ne. In ba a samu irinsa ba, a bar gurbin. Kada a matsa wa kowa. Inda mata ba za su saki jiki a gaban maza ba, a yi musu nasu zaman da mace a gaba. Ayarin kuma kada ya watse sai bayan minti 45 da tashi, domin masu ainihin buƙata sukan jira sai wuri ya yi sarari.

Ranar 10 ga Satumba ita ce ranar hana kashe kai ta duniya, tun 2003 ake kiyaye ta, 10 ga Oktoba kuma ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ce. Suna da amfani wajen samun lokaci a rediyo, amma ƙaramin zama duk bayan wata uku ya fi babban taro sau ɗaya a shekara.

7. Rediyo, waya da makaranta

A rediyo, ku ba mai gabatarwa ƙa'idojin mataki na 3 a rubuce kafin a shiga, a tace kira kafin a sa shi a iska, a faɗi inda ake samun taimako a farko da ƙarshe. A WhatsApp da Facebook, saƙon murya na minti ɗaya ya fi doguwar takarda isa ga mutane. Kada ku buɗe layin waya naku in ba ku da masu ɗauka dare da rana. In na wasu awanni ne, ku rubuta awannin a fili. Wanda ya ga wani ya rubuta kalaman bankwana a shafinsa, ya kira shi ko ya nemi wanda ke kusa da shi, kada ya tsaya yin sharhi a ƙasa.

A makaranta malamai ake fara horarwa. Ɗalibai kuma aji-aji ake shigar musu, a kan yadda ake jure ɓacin rai, warware rikici, da kai ƙarar damuwar aboki wurin babba. Tara makaranta gaba ɗaya a fili don jawabi a kan kashe kai ba ya barin a ga fuskar yaron da maganar ta taɓa.

8. Idan an yi rashi a cikin al'umma

Ba ranar gangami ba ce. Mutum biyu su je ta'aziyya kamar kowa, su koma bayan mako biyu lokacin da jama'a suka ɗauke ƙafa. Iyalan na fama da zargin kai da tsangwama, kuma su ma haɗarinsu ya ƙaru, haka abokan mamacin na kusa, musamman matasa. A rubuta su waye, a raba wa waɗanda aka horar su riƙa leƙa su. A roƙi masu hoto ko bidiyo su goge, masu kula da zaurukan waya su hana turawa.

9. Bibiya

Makonnin farko bayan an sallami mutum daga asibiti na daga cikin lokuta mafi haɗari, daidai lokacin da kowa ya saki jiki. A tuntuɓe shi cikin kwana 3, sannan mako-mako har wata 2, daga nan duk bayan mako 2 zuwa 4. Ba sai doguwar hira ba. "Na tuna da kai, yaya jikin?" ma aiki ne, domin wani likita ɗan Amurka, Jerome Motto, ya nuna tun shekarun 1970 cewa gajerun wasiƙun kulawa kawai sun rage mutuwa a cikin waɗanda suka ƙi ci gaba da magani.

A littafin ƙidaya ku riƙa rubuta mutum nawa aka horar, nawa suka yi tambayar a zahiri, nawa aka tura asibiti, nawa suka isa, gida nawa suka sa kwaɗo. Kada ku auna kanku da adadin mutuwa. A ƙaramar al'umma lambar na hawa da sauka ba tare da ta nuna komai ba. In tazarar da ke tsakanin waɗanda aka tura da waɗanda suka isa ta yi yawa, matsalar rakiya ce ko kuɗin mota ko tarbar da ake yi musu, sai a koma mataki na 1.

Ayarin ya riƙa zama sau ɗaya a wata don kowa ya sauke abin da ya ɗauko, ba tare da kiran suna ba. Kada mutum ɗaya ya riƙe fiye da mutum 3 masu haɗari a lokaci guda, kuma wanda barcinsa ya fara lalacewa a ba shi hutun wata ɗaya, wani ya karɓi mutanensa kafin ya tafi.